Wa Ya Buɗe Gem Ɗin Likita Bayana?

Shafi na 12

Masu ƙorafin na daɗe ban saki shafi ba, ga shi. A karanta a hankali kafin a yanke wa kowa hukunci.

*

Oga ya ajiye gem ɗin a kan teburina kamar mai ajiye gawa.

"Danna," ya ce.

Na danna maɓallin kunnawa. Gilashin ya tsaya baƙi wuluk. Na sake dannawa, na riƙe, na ƙirga ashirin a zuciyata. Ko ƙyaftawa bai yi ba.

Gem ɗin hannu ne, 'yar na'urar wasa mai gilashi, na wani likitan haƙori abokin Oga. Shekaranjiya ya kawo shi lafiyarsa ƙalau, ya ce a sa masa babban batir, a canza gilashin zuwa mai haske. Ni na yi aikin jiya. Na gwada ya kama, har na yi tseren mota na minti biyar kafin na ɗaure shi. Yau da safe Likita ya zo karɓa, abu ya ce bai san zancen ba.

"Mutumin nan shi ke kawo mana duk wayoyin wurin aikinsu," in ji Oga. "Ya tsaya a gabana yana danna abu kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kango. Ni kuma ina ta murmushi kamar wawa."

Mu uku ne a shagon ban da Oga. Akwai Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya fara gyara tun zamanin rediyo, shi ya kawo ni nan shekara shida da suka wuce. Akwai Injiniya, wanda teburinsa ke bayan nawa, sarkin surutu da gaggawa. Sai ni, da suke kira Alƙali, wai komai sai na auna shi kafin na yi magana.

Na juya gem ɗin na dubi bayansa. Idona ya tafi kan sukurun kusurwa.

Mako biyu ke nan ina jin ana taɓa mini aiki. In na ɗaure abu da yamma, da safe sai in ji sukurun ya fi yadda na bar shi tauri. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauko jan farcen matata, duk abin da na gama sai in ɗiga ɗan kaɗan a kan sukuru ɗaya na kusurwa. In ya bushe, ba a juya sukurun sai ya fashe.

Ɗigon nan ya fashe. Na nuna wa Oga, na gaya masa dabarar.

"Oga, an buɗe shi bayana."

"Wa ya buɗe?"

Kawu yana can kusa da ƙofa, ya sunkuya a kan wata tsohuwar lasifika, bai ɗago ba. Injiniya kuwa ya juyo da kujerarsa yana tauna ƙarshen biro.

Na ce, "Jiya da na tashi, Injiniya na bari a shago."

Biron ya tsaya a bakinsa.

"Au," ya ce. "Au, haka ne?"

Oga ya dubi agogo. "Zan je karɓo kaya. La'asar zan dawo. Ina son sanin abin da ya kashe shi da wanda ya kashe shi. Wanda ya yi, ya tattara kayan aikinsa. Ba na riƙe da mai ɓarna yana ɓoyewa."

Ya fita. Labulen ƙofa ya daɗe yana kaɗawa.

*

"Alƙali, Allah ya ja zamaninka," in ji Injiniya. "An yanke hukunci tun ba a kira shaidu ba. To a ina zan yi zaman gidan yarin, nan ko gida?"

"Ban ce kai ka yi ba. Na ce kai na bari."

"Ai kura ma ba ta ce ta ci akuya ba, ta dai ce ita aka bari da ita."

Na jona caja. Fitilar caji ba ta kawo ba. Na canza caja, na canza igiya, na koma wani soket. Shiru.

Na kwance sukurun baya ɗaya bayan ɗaya, ina jera su a kan takardar da na zana hoton gem ɗin, kowanne a gurbinsa. Shida ne, kuma dukkansu dogaye ya kamata su kasance. Na kusurwar ƙasa sai ya fito da juyi ɗaya tak. Na ɗaga shi a haske. Gajere ne.

Na ajiye shi gefe. Ban so na yi saurin fahimtar abin da yake nufi ba.

Na sa mitar gwajin wuta a kan sabon batir. Wuta cike. Duk da haka na cire shi na mayar da tsohon, ko sabon ne ke da aljanu. Shiru. Na zare igiyar sabon gilashi, siririya kamar ganye, na duba ko haƙoranta sun lanƙwashe. Lafiya lau suke. Na mayar da tsohon gilashi. Shiru. Na gwada fis, ɗan abin da ke katsewa in wuta ta yi yawa, wuta na wucewa ta cikinsa. Na gwada maɓallin kunnawa shi kaɗai, yana amsawa.

"Ka gwada yi masa addu'a," in ji Injiniya daga bayana. "Ko ka shafa masa jan farcen Madam, tunda shi ne ɗan sandanka."

"Ya aka yi ka san na matata ne?"

"Ina da hanci. Mako biyu shagon nan yana wari kamar gidan kitso."

"Ke nan ka lura."

"Na lura mana. Makaho ne kawai ba zai lura ba."

Yana faɗin haka ya yi shiru, kamar wanda ya taka ƙaya. Na juya na dube shi. Ya kawar da kai yana neman wani abu a cikin aljihun tebur.

Zuciyata ta ce: ka kama shi. Tun watan jiya yake cewa teburina ya fi nasa haske, kuma shi ya fi dacewa da ayyukan Likita. Mutumin da ya san da tarko, ya kuma taka shi, ko dai wawa ne ko kuwa yana son a ga aikina ya mutu a hannuna.

Sai dai abu ɗaya ya ƙi zama mini. Injiniya da sukundireba mai batir yake aiki, ƙiiii, ƙiiii, duk sukurun da ya taɓa sai ka ga kansa ya ɗan cinye. Waɗannan da ke kan takardata kawunansu sumul suke. Da hannu aka juya su, kuma a hankali.

To, na ce wa kaina, mai son ɓoye sawu ai ba ya zuwa da takalminsa.

Saura murfin ƙarfe da ke rufe fanel, wato allon da duk hanyoyin wuta ke kwance a kansa. Sukuru biyu ne ke riƙe da shi, gajeru. Na farko ya fito yadda ya kamata. Na biyu na juya, na juya, na juya, bai ƙare ba.

Dogo ne.

Na ɗaga fanel ɗin, na sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Ga shi nan. Wani ɗan rami zagayayye, bakinsa na ƙyallin jan ƙarfe. Dogon sukurun ya wuce gurbinsa ya huda allon, ya datse hanyoyi uku masu kaurin gashin kai. Ɗaya daga cikinsu ita ke kai wuta daga batir.

"Zo ka gani," na ce wa Injiniya.

Ya zo, ya sa ido a gilashin. Na zuba masa ido ina jiran ya fara rantsuwa, ko ya ce ni na yi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, ba ni ya duba ba. Ya dubi wajen ƙofa, sannan ya dubi ƙasa.

"Zai gyaru?" ya tambaya a hankali.

"Wataƙila. In hannuna bai yi rawa ba. Amma ba shi Oga ya tambaya ba."

"Bari in je in sha shayi."

"Yanzu?"

"Yanzu."

Ya fita bai ɗauki wayarsa ba. Mutumin da ko bayi zai shiga sai da ita.

*

Na ɗauki murfin baya don in goge shi, sai idona ya faɗa kan wani abu a ciki. Wata 'yar alama ce da fensir, layi biyu a tsaye da ɗaya a gicciye. Na sha ganinta a cikin kayan da na gyara in sun dawo bayan watanni, kullum a kan farar takardar kamfani, tsaf da ita. Na ɗauka ta masu haɗa kayan ce.

Wannan ba a kan takardar take ba. Ta kauce, rabinta a kan baƙar roba, layukan sun hau juna.

Kuma jiya da na rufe gem ɗin babu ita. Na tabbata, don ni na goge murfin da auduga.

Na zauna ina kallonta, sai na tuna inda na fara ganinta. A cikin rediyon mahaifiyata, ranar da na kwance shi a ɓoye ina ɗan shekara goma, na sha duka. Mutum ɗaya ne ya taɓa gyara rediyon nan.

Na ɗaga kai. Fensir yana nan a bayan kunnen Kawu, inda yake tun da na san shi.

Na ɗauki sukurun nan biyu, dogo da gajere, na ja kujera na zauna a gabansa.

"Kawu."

"Na'am, ɗana. Ka gano ciwon?"

"Na gano. Ina son ka duba mini wani abu."

Na shimfiɗa tafin hannuna a gabansa, sukurun biyu a kai.

"Wanne ne dogo?"

Ya miƙo hannu. Na janye nawa.

"A'a, Kawu. Da ido."

"Kai, wane irin wasan yara ne wannan? Ba ni nan."

"Da ido, Kawu. Na dama ko na hagu?"

Ya gyara tabarau. Ya matso da fuska, ya ja baya, ya karkata kai kamar kaza mai kallon shaho. Na ga idonsa yana neman tafin hannuna, yana sauka a gefe.

"Na dama," ya ce.

Sai ya yi saurin gyarawa.

"Na hagu nake nufi. Hasken nan ne, tun safe nake cewa a canza ƙwan fitilar."

"Kawu, na rufe hannuna tun kafin ka ce na dama."

Ana jin fanka tana juyawa, da wani mai babur yana faɗa a titi.

Ya cire tabaran ya ajiye a kan lasifikar. Ban taɓa ganin fuskarsa ta tsufa haka ba.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Wata takwas. Tsakiya ce ta tafi. Ina ganin gefe-gefe, ina ganin ƙofa, ina ganin mutum ya shigo. Abin da na sa wa ido kuwa, sai ya zama hayaƙi."

"Ka je asibiti?"

"Na je. Sun ce a hankali zai ci gaba, ba dai ya koma ba."

"Inna ta sani?"

"Uwarka? In ta sani ai duk dangi sun sani kafin magariba."

"To da me kake aiki?"

Ya ɗaga yatsunsa. "Da waɗannan. Shekara arba'in suna koyo. Lasifika, rediyo, caja, duk suna gane su. Waɗannan ƙananan na zamani ne suka fi su wayo. Bambancin sukurun nan bai kai ƙwayar gero ba."

Na ji wani abu ya taso mini, ban san ko tausayi ne ko fushi ba.

"To me ya kai ka buɗe aikina? Wa ya sa ka?"

"Ni na sa kaina."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka fara."

Na miƙe tsaye. "Shekara shida?"

"Zauna. Ranar da na kawo ka, Oga ya ce ba ya ɗaukar wanda bai yi makarantar gyara ba. Na ce masa in ka ɓata, ni na ɓata. To mutum ya ɗauki irin wannan nauyi ya kwanta barci? Ni ke buɗe shago. Kafin kowa ya zo sai in duba abin da ka gama, in ɗaure, in sa alamata."

"Ka taɓa samun kuskure?"

"Shekarar farko, sau tara. Ta biyu, sau biyu. Daga nan ban ƙara samu ba."

"To me ya sa ba ka daina ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da farko don kai nake yi. Daga baya, ban sani ba. In na buɗe na ga aikin ya yi kyau, sai in ji kamar har yanzu da hannuna a ciki." Ya shafa gemu. "Yau da safe na ji sukurun ya ɗan yi gardama. Na ce sabon batir ne ya cika wuri. Na ƙara masa juyi ɗaya."

Juyi ɗaya. Na koma na zauna.

"Kawu, kana ji na ɗora wa Injiniya a gaban Oga. Kana zaune a nan. Ba ka ce uffan ba."

"Na ji."

"Da ka bari an kore shi?"

"Ina ta addu'a ya zama batir ne. Tun safe nake addu'a ya zama batir ne." Ya ɗago kai. "Ɗana, ka san wa ke jera mini sukuru kullum da safe a cikin murafen kwalba, dogaye a ja, gajeru a fari? Ka san wa ke karanta mini lambar kaya a kunne, yana yi kamar tsokanata yake? Ka san wa ke sake duba duk abin da na gyara kafin mai shi ya zo?"

Na waiwaya na dubi kujerar da ke bayan tawa.

"Injiniya?"

"Wata shida ke nan. Ya kama ni ina neman hantsaki alhali yana gabana. Bai gaya wa ko matarsa ba. Abu ɗaya na ɓoye masa, wannan buɗe aikin naka. Da ya sani da ya hana ni."

Na tuna yadda nake kallon bayan Injiniya mako biyu, ina ƙirga motsinsa, ina fassara kowace dariyarsa. Na tuna matarsa da ta haihu wata biyu da suka wuce, da yadda yake nuna mana hoton jaririyar ko mun gaji da gani.

"Dole a gaya wa Oga," na ce.

"In ka gaya masa, yau ce ranata ta ƙarshe a kan tebur. Kuma da gaskiyarsa, wa zai ba makaho kayan mutane?" Ya kamo hannun rigata. "Ban iya komai ba sai wannan. In na zauna a gida ina jin muryar maƙwabta, wata uku ba zan yi ba."

"To in ce wa? In ce ni ne?"

"Ka riga ka nuna masa jan farcenka. Ya san ba kai ba ne."

Haka ne. Da hannuna na toshe wannan ƙofar, ina jin daɗin wayona.

"Bari in gyara shi tukuna," na ce. "In ya tashi kafin la'asar, wataƙila zuciyar Oga ta sauka."

Na koma teburina, na kunna ƙarfen dalma, na zaro silin waya ɗaya mai kaurin gashi. Na kankare bakin hanya ta farko, na ɗora, na taɓa da dalma. Ta kama. Ina kan ta biyu, gumi na ɗiga daga hancina, sai na ji an ɗaga labule.

Ko azahar ba a yi ba.

Oga ne, Injiniya na biye da shi.

"Ajiye wannan," in ji Oga. "A wurin mai shayi na same shi, ya tare motata. Maimaita abin da ka gaya mini, a gabansu."

Injiniya ya tsaya a tsakiyar shago, hannuwansa a aljihu. Babu dariya a fuskarsa.

"Ni na buɗe shi," ya ce. "Jiya bayan Alƙali ya tafi. Ina son in ga yadda ya zaunar da batir ɗin. Wajen mayarwa na musanya sukuru. Shi ke nan."

Kawu ya yunƙura zai tashi, gwiwarsa ta bugi tebur, tabaransa suka faɗi ƙasa. Injiniya ya yi wuf ya ɗauka, ya danƙa masa a hannu, ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi kan kujera.

"Zauna, tsoho. Ba ruwanka a maganar yara."

Oga ya bi su da kallo. Ya dubi Injiniya, ya dubi Kawu, ya daɗe yana duban Kawu. Sannan ya juyo gare ni.

"Shekara goma sha ɗaya yaron nan yana wurina, ban taɓa jin ya amsa laifi ba sai an kai ruwa rana. Yau shi ke tare mota don ya amsa." Ya matso har ina jin numfashinsa. "Kai ka buɗe gem ɗin, kai ka ga cikinsa. Kuma tunda ka zo shagon nan ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, shi ya sa na bar su suna ce maka Alƙali. Magana ɗaya nake so. In ka ce shi ne, yanzu zai kwashe kayansa."

A bayan Oga, Injiniya yana gyaɗa mini kai a hankali: ce e, ce e.

Kawu ya fuskanto inda nake zaune.

"Ina jin ka," in ji Oga. "Shi ne?"